Injin wanki: a tambayi famfo da wuta kafin a tambayi mai kanti

Duk wanda ya bi ta gadar Kennedy a Yamai da hantsi, ya leƙa gaɓar kogi, zai ga tufafi a shanye bisa ƙasa, fari da ja da shuɗi, masu wanki kuwa suna tsaye cikin ruwa suna cuɗawa suna bugawa. Haka aikin yake tun kafin a buɗe gadar a 1970. A cikin gidaje kuma, daga Tawa har Damagaram, mata da ƴan mata ne ke duƙe bisa baho ranar da ba aiki ba lakkwal, tun safe har rana ta take, hannuwa su yi kaushi, baya ya ƙage. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in uwargida ta ga injin wanki a kanti ranta ya biya, ba kuwa laifi ba ne in maigida ya fara lissafin albashinsa domin ya sayo mata.

Injin ba sabon abu ba ne a duniya. Wajen 1908 aka fara sayar da mai aiki da lantarki a Amurka, a 1937 kuma kamfanin Bendix ya fito da wanda ke ɗibar ruwa ya wanke ya ɗauraye ya matse shi kaɗai. Duk da haka, a 2010 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hans Rosling ya kimanta cewa cikin mutanen duniya miliyan dubu 7, kamar miliyan dubu 2 ne kawai ke wanki da inji. Mu nan muna cikin sauran, yanzu ne muke shiga layi. To, abin da ya kamata mai shiga layi ya sani shi ne, yawancin injunan nan an ƙera su ne domin gidan da famfonsa ba ya kafewa, wutarsa ba ta ƙiftawa. Wanda ya saya bai auna gidansa ba, ya kan tarar ya sayi ƙaton akwatin ƙarfe ne da kuɗin gumin wata da watanni. A tuna, mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a ƙasar nan a farkon 2024 jika 42 ne, sabon inji mai sarrafa kansa kuwa ya ninka wannan sau da yawa.

Iri biyu ne a gabanmu

In aka bar sunayen kamfanoni da launin fenti, injunan da ake samu a kasuwanninmu gida biyu ne. Akwai mai baki biyu: rami guda na wanki, rami guda na matsewa. Jikinsa roba ne, mutum biyu na iya ɗaukarsa ba wahala, ana zuba mashi ruwa da bokiti, a murɗa ɗan agogonsa zuwa minti 10 ko 15, in ya gama a kwashe tufafin da hannu a sa su cikin ramin matsewa. Ba ya dafa ruwa, ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ya jin haushi in an ɗauke wuta. Sai kuma mai sarrafa kansa, wanda ko dai murfinsa na sama, ko kuwa yana da ƙofar gilashi a gaba. Wannan shi ne abin sha'awa: a zuba kaya, a danna maɓalli, a tafi kasuwa. Mai ƙofa a gaba ya fi kowane fitar da dauɗa, ya fi kuma tattalin ruwa, amma nauyinsa ya kan kai kilo 60 zuwa 80, domin akwai tubalan siminti a cikinsa masu danne shi lokacin matsewa, kuma dukan aikinsa yana rataye ne bisa wani ɗan allo na lantarki da masu gyara ke ce ma kart.

Akwai kuma injin busar da tufafi. Wannan ba sai mun ɓata tawada a kansa ba. Ƙasar da zane ke bushewa bisa igiya kafin a gama ɗauraye na bayansa ba ta bukatar a saya mata rana da kuɗi.

Ruwa

Mai ƙofa a gaba ya kan sha lita 40 zuwa 60 a wanki guda, watau kamar bido biyu ko uku. Mai murfi a sama da ke sarrafa kansa ya kan wuce lita 100. Amma yawan ruwan ba shi ne babbar magana ba, ƙarfin zuwansa ne. Injin mai sarrafa kansa ba ya tsotso ruwa, jira yake famfo ya turo mashi, kuma yawancin masu ƙera shi suna neman aƙalla ƙarfin da ya yi daidai da ruwan da ke saukowa daga tanki mai tsawon mita 5 sama da injin. Wanda ya ɗora tano bisa ɗan dandamali mai mita 2 ya ja tiyo, zai ga ruwa na shiga kamar hawaye, injin ya jira ya gaji, ya tsaya, ya nuna wasu harufa a fuskarsa. Sai a ce ya lalace, alhali ƙishirwa ce ke damunsa. Magani shi ne a ɗaga tankin, ko a sa ɗan injin tura ruwa, wanda shi ma kuɗi ne, shi ma wuta yake ci.

Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin wannan. Birnin yana zaune bisa dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga wurare kamar Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma tun da daɗewa an san shi da ƙarancin ruwa a lokacin zafi. Gidan da famfonsa sai tsakar dare yake tari, ko gidan da ƴan ga-ruwa ke shayar da shi, mai baki biyu ne nasa, ba wata tantama. Yana ma da wata fa'ida da babban wansa ba shi da ita: ruwan sabulu guda ya kan yi wanki biyu ko uku. A fara da fararen kaya, a bi da masu launi, a ƙarasa da wandunan yara da tsummoki. Ruwan ɗauraya kuma a tare shi cikin baho, a yayyafa tsakar gida kafin shara ko a wanke makewayi da shi. Abin da bai dace ba shi ne a zura tiyo ta rariya a saki ruwan bisa hanya, ya kwanta ƙofar maƙwabci, sauro ya samu wurin haihuwa.

A duba kuma irin ruwan. Na foraj da na rijiya ya kan zo da yashi. Inda ake ganin farin ɓawo yana taruwa cikin butar dafa shayi, to irin wannan ɓawon zai lulluɓe ƙarfen dafa ruwa na injin, har wata rana ya ƙone.

Wuta

Wutar ƙasarmu volt 220 ce, irin ta Turai. Injin da ya fito daga Faransa ko Jamus ko Italiya ya dace da ita. Wanda ya fito daga Amurka kuwa na volt 110 zuwa 120 ne, in aka sa shi a piriz kai tsaye, hayaƙi ne zai ba da amsa. Kowane inji yana da ɗan tambari manne a bayansa ko a bakin ƙofarsa, inda aka rubuta volt da wat. Ko wanda bai ji faransanci ba yana iya karanta lambobin nan, kuma sun fi duk abin da mai kanti zai faɗa gaskiya.

Ga lissafin. Mai baki biyu ba ya wuce wat 300 zuwa 500. Mai ƙofa a gaba, in yana dafa ruwa, ƙarfen dafawarsa kaɗai yana cin wajen wat 2000, watau kusan amper 9. In gidan ƙaramar wuta aka ɗaura mashi, ga firiji ga dutsen guga a kunne, sai makashin wutar gidan ya faɗi. Ƙaramin gurup irin wanda ake kunna ma fitila da talabijin shi ma ba ya ɗaukarsa. Kafin a kai ruwa lita 15 daga digiri 25 zuwa 60, sai an ƙone fiye da rabin kilowat-awa, wannan kuwa shi ne mafi yawan abin da injin ke ci a wanki guda. Alhali a watan Afrilu ruwan da ke fitowa daga tanki bisa rufi ya riga ya yi ɗumi kyauta. Wanda ya saba murɗa injinsa zuwa ruwan sanyi ko digiri 30 ya rage takardar wuta, ya kuma ƙara ma injin kwana. Zafi mai yawa a bar shi domin zanen maras lafiya da tsumman jarirai.

Sai maganar ɗaukewa da dawowa. Babban kaso na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo shi. Kowa na tune da watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai da aka ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024 kana wuta ta dawo ta wannan hanya. A 2023 ɗin ne kuma tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki. Amma ko a shekarar lafiya, daga Maris zuwa Mayu bukata ta kan fi abin da ke akwai. Ɗaukewar ba ita ke kashe inji ba. Abin da ke kashe shi biyu ne: wutar da ta dawo da ƙarfi farat ɗaya, wadda ke ƙone kart, da wutar da ta yi rauni, fitila ta yi ja, moter ya yi ta gurnani yana zafi ba ya iya juyawa. Saboda haka da zarar an ɗauke, a zare wayar injin daga bango, in an maido a dakata ƴan mintoci tukuna. In an gama wanki ma a zare, musamman da damina lokacin tsawa. Mai son sayen na'urar daidaita ƙarfin wuta ya sayi wadda ta fi injin ƙarfi, kamar mai lamba 3000. Ƙaramar da ake sa ma firiji ba ta isa ba, ita ce ma za ta fara ƙonewa.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan muhimmanci, domin rai ne a ciki. Wayar injin wanki baki uku gare ta, na ukun na ƙasa ne, aikinsa shi ne ya kwashe wutar da ta ɓalle zuwa jikin injin ya kai ta cikin ƙasa. Gidajenmu da yawa waya biyu kawai aka ja masu. A irin wannan gida, mai taɓa injin ya kan ji yana ɗan tsunkulinsa, sai a yi dariya a ce halinsa ke nan. Ranar da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ga ƙasa jiƙe, ga yarinya ba takalmi hannunta cikin ruwa, ba sauran dariya. Kafin injin ya shigo gida a kira mai aikin lantarki na ƙwarai ya kafa sandar tagulla cikin ƙasa, ya nutsa ta sosai a wuri mai laima, domin busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta da kyau, ya kuma sa makashin nan mai yanke wuta da kansa in ta ɓalle, mai lamba 30 mA. Kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin na injin da za a ji ciwo ba. Kada kuma a ja wuta da siririyar doguwar waya da ke kwance cikin ruwan wanki.

Sabo ko na hannu?

A nan sai in ba da labarin kaina, ko da yake ba na alfahari ba ne. Shekarun baya na sayi wani mai ƙofa a gaba, na hannu, daga cikin kayan nan da ake ce ma Faransa sai wata rana. Fari tas, ba ko ƙwarzane. Mai sayarwa ya sa shi a wuta, fitilu suka kama, ganga ta juya sau biyu, na ƙirga kuɗi ina jin na yi tsintuwa. Ban ce a zuba ruwa ba, ban ce a kai shi ga matsewa ba. Cikin mako na uku ya fara ƙara kamar injin niƙa, har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Mai gyara ya buɗe bayansa, ya nuna mani sawun tsatsa da ya gangaro daga tsakiyar ganga, ya ce boris ne ya mutu, watau ƙwallayen ƙarfen da ganga ke juyawa a kansu, domin robar da ke tare masu ruwa ta daɗe da sakewa. Na ce a canza. Ya ce irin wannan injin randarsa ta roba ce da aka narke aka haɗe, ba ta kwancewa, sai dai a yanka ta da zarto a liƙe, ba kuwa zai ɗauki alkawarin ba za ta yi yoyo ba. Yau kaza ce ke ƙwai a cikinsa.

Ban ce duk na hannu mugu ne ba. Tsofaffin injunan Turai masu maɓallin murɗawa, waɗanda ba su da yawan fitilu, wasunsu sun fi sababbi ƙwari. Amma wanda ya jefar da inji a can yana da dalilinsa, kuma dalilin bai sauka a tashar jirgin ruwa ba, ya biyo kayan har nan. Mai saye ya juya ganga da hannu ya kasa kunne: in ta yi shiru lafiya, in tana gurza a bar ta. Ya kama leɓenta na sama ya ɗaga, in tana wasa tana ƙwanƙwasa, boris ya tafi. Ya buɗe ninkin robar ƙofa ya nemi tsaga. Ya leƙa baya da ƙasa ya nemi tsatsa da sawun ruwa. Sa'an nan ya nace a zuba ruwa a yi wanki cikakke a gabansa, tun daga ɗiba har matsewa, ko da zai zauna awa guda bisa benci. Mai sayarwar da ya ƙi wannan ya riga ya faɗi abin da ya sani.

Su kansu Turawa sun gane matsalar injin da ba ya gyaruwa. A farkon 2021 Faransa ta fara tilasta ma masu sayar da injin mai ƙofa a gaba su liƙa mashi maki daga 0 zuwa 10 mai nuna sauƙin gyaransa, a watan Maris na wannan shekara kuma Tarayyar Turai ta wajabta ma masu ƙerawa su tanadi manyan kayan gyara har shekara 10. Sai dai dokar ba ta ƙetare teku tare da injin ba. Abin da zai amfani mai saye a nan shi ne, kafin ya biya, ya je wurin masu gyara na garinsu, ko kasuwar Katako in a Yamai yake, ya ambaci sunan injin ya tambaya ko ana samun famfonsa da robar ƙofarsa da kart ɗinsa. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni su tambaya ko ana samu a Kano ko Sakkwato. In an yi shiru ana kallon juna, ya nemi wani. Tun da aka rufe iyakar Binin a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, jiran abin da aka yi oda daga waje ya ƙara tsawo. Mai sayen sabo kuma ya karɓi takardar saye da ta garanti, da hatimin kanti da kwanan wata, ya tambaya wa ke gyara in ya lalace cikin wa'adin, kuma ina shagonsa yake.

In ya ƙi aiki

Yawancin abin da ake kira lalacewa ba lalacewa ba ce, kuma maigida ko uwargida na iya gano shi ba tare da an biya kowa ba. Sharaɗi guda ne: a zare waya daga bango, a rufe famfo, kafin a taɓa kome.

Sabon inji mai ƙofa a gaba da ya tashi rawa ranar farko yana tafiya tsakar ɗaki, kusan kullum ƙusoshin tafiya ne ba a cire ba. Manyan ƙusoshi ne uku ko huɗu masu murɗi a bayansa, waɗanda ke riƙe ganga kada ta bugu a hanya. A kwance su, a adana su domin ranar ƙaura, domin ma'aikacin gwamnati bai san ranar da za a ɗauke shi daga Doso zuwa Agadas ba. In an cire su rawar ba ta daina ba, a duba ƙasa: siminti ake so mai daidai, a murɗa ƙafafun injin har su huɗun su taka. Haka nan bargo guda da ya sha ruwa ya kan dunƙule gefe ɗaya ya sa girgiza. A tsaida, a warware, a ƙara ƴan kaya su daidaita nauyi.

In bai kama ba sam, a gwada piriz ɗin da fitila, a kuma tabbata ƙofa ta rufu har ta yi ƙara. In ya kama amma ruwa ba ya shiga, a kwance tiyon famfo daga bayan injin. A bakin ramin akwai wata ƴar rariya kamar girman dala biyar, wadda yashi ke toshewa. A zaro ta a hankali, a goge da tsohon buroshin haƙori, a maida.

In ruwa ya ƙi fita, ko an ɗauke wuta da kaya a ciki, kada a ja ƙofa da ƙarfi, hannunta zai karye, ruwa kuma ya cika ɗaki. A ƙasan injin, ta gaba, akwai ƙaramin murfi. Bayansa akwai matatar famfon da ke fitar da ruwa, sau da yawa tare da wani siririn tiyo. A tara faranti mai faɗi, a tsiyaye ruwan kaɗan kaɗan, kana a murɗe matatar. Abin da ake tararwa nan ya isa ya ba da tarihin gida: dala biyar da dala ashirin, fil na ɗankwali, ɗan kunne, guntun asuwaki, ɓarin goro, ƙusa daga aljihun yaro. Wanda ya saba lalube aljihu da kakkaɓe yashi kafin wanki ya huta da rabin wahalar injinsa.

Tiyon fitar da ruwa shi ma ya kan ruɗa mutane, domin injunan biyu kishiyar juna suke. Mai ƙofa a gaba yana da famfo, saboda haka bakin tiyonsa a rataye shi sama, tsakanin santimita 60 da 100 daga ƙasa. In aka yar da shi ƙasa, ruwa na shiga ta nan yana zurarewa ta can, injin ba zai taɓa cika ba. Mai baki biyu kuwa yawancinsu ba su da famfo, gangara ce ke fitar masu da ruwa, tiyonsu a kwance ake so. In aka ɗaga shi, ruwa ba zai fita ba.

Sai kumfa. Garin sabulun da muke wankin hannu da shi an yi shi ne domin ya yi kumfa, mu kuwa mun saba auna tsabta da yawan kumfa. Mai baki biyu bai damu ba. Mai ƙofa a gaba kuwa kumfa ce abokiyar gabarsa: ta cika ganga, ta hana tufafi faɗuwa su bugu, ta tsiyayo ta aljihun sabulu, ta ruɗa ma'aunin ruwa har injin ya ƙi matsewa. A nemi garin da aka rubuta ma na inji, in babu a rage na hannun ƙwarai.

Mai baki biyu cututtukansa kaɗan ne, kuma sanannu. In moter na gurnani faifan wanki bai juya ba, a kashe nan da nan. Ko zare da gashi sun naɗe ƙarƙashin faifan, ko bel ɗin roba ya saki, ko kuwa kwandansa ta mutu, irin wadda ke mutuwa a fanka. Duk ukun arha ne. In ramin matsewa ya ƙi juyawa, a duba murfinsa, domin murfin ne ke sakin birki. A nan kuma dole a ja kunne: wasu in birkin ya dame su sai su sa a cire shi. Gangar matsewa tana juyawa fiye da sau dubu a minti guda, hannun yaro in ya shiga ba ya fitowa yadda ya shiga. Haka mai ƙofa a gaba, ana barin ƙofarsa a buɗe bayan wanki domin ya sha iska kada ya yi wari, amma a leƙa ciki kafin a kunna, domin yara da kyanwa suna son wurin.

A daure kuma a raba injin da rana da ƙura. Rana tana gasa robar mai baki biyu har ta yi gautsi, ƙurar hunturu tana shiga agogonsa, ɓera na cin wayoyi ta ƙasa, kyankyasai na kwana bisa kart su haɗa wuta. Inuwa da tsohon zane na rufewa sun wadatar.

Inda aikin mai gida ya ƙare shi ne nan: in an ji warin ƙuna, in injin na jan mutum, in yana kada makashin wuta da zarar an kunna, ko in gyaran na bukatar a buɗe bayansa. Kwandansa ta kan riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Mai gyara, da abin da ya rage ga hukuma

Mai baki biyu kusan duk mai gyaran fanka da firiji na iya shi, moter ɗinsa ma in ya ƙone akwai masu sake naɗa mashi waya. Mai sarrafa kansa sai wanda ya koya. A guji mai gyaran da tun bai kwance ƙusa guda ba ya ce kart ne, domin kart shi ya fi kome tsada, kuma sau da yawa laifin na wani ƙaramin abu ne: makullin ƙofa, ko ƴan sandunan gawayi biyu da ke gogar moter a tsofaffin injuna, waɗanda ke cinyewa kamar alli. A yi ciniki kafin a fara aiki, a ce kuma a maido tsohon abin da aka cire. In kuɗin gyaran tsohon inji ya tasar ma rabin kuɗin sabo, a yi shawara da aljihu tukuna.

Ga ma'aikata masu karanta wannan shafi, akwai wurare biyu da hannunsu ke kaiwa. Cibiyoyin koyon sana'a da ke cikin garuruwanmu suna koyar da ɗinki da walda da aikin lantarki. Gyaran kayan wutar gida ya cancanci ya samu wuri a cikinsu, domin injuna na ƙaruwa, masu iya karanta ciwonsu kuwa ba su da yawa in an fita manyan birane. Na biyu, bakin iyaka. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba cikin Afirka, amma mataccen inji da aka rubuta ma kayan hannu bisa takardar duwan ya kan wuce lafiya, ya ci kuɗin talaka, ya ƙare bisa juji. A ganina, a ce sai an gwada inji ya yi aiki kafin a ba shi hanya ba abu ne mai wuya ba.

Masu wanki da guga fa, injin zai kashe masu kasuwa? Ban ga alama ba tukuna. Wasunsu ma a birane su ne suka fara sayen injin, suka buɗe shago suna karɓar kayan unguwa, wanda hakan ya fi sauƙi ga gidan da ba shi da famfo mai ƙarfi ko wuta mai tsayawa. Kuma akwai tufafin da ba su shiga inji ko wane iri ne. Rini mai zuba ya kan ɓata duk abin da ya tarar a ciki. Babbar riga mai aiki, faifan injin na jan zarenta ya yamutsa kwalliyar. Shadda kuwa, in ta sha juyi da matsa, ƙyallinta ya tafi, ta koma kamar akoko. Ita har yanzu hannu take so, da ruwan sanyi, da inuwa, da ɗan sitaci, sa'an nan a naɗe ta a kai ma masu bugu.